Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Leda, Maganar Sola da Bashin Kuɗin Wata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaba, iyayenmu na kwamitin dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa mambobi. Ga rahoton shekara kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyarmu ta masu shaguna da sana'o'i ya ɗora wa sakatare. A yi mini afuwa da ya makara. Takardar ma'aji nake jira, shi kuma ma'aji yana jiran waɗanda suka roƙi a ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen wata. Watan ya mutu, kuɗin bai shigo ba, shi ya sa na rubuta da abin da ke hannu.

An yi taron wata-wata sau goma, an ɗage na azumi da na Babbar Sallah.

Har yanzu akwai masu tare ni a bakin masallaci suna tambaya, wai me ya haɗa tela da mai injin niƙa da mai gidan ruwan leda da Majalisar Ɗinkin Duniya. Zan sake amsawa a rubuce don kada a ce ba a faɗa ba. A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Najeriya, suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, aka sa 2030 a matsayin wa'adi. Su ne suka gaji Muradun Ƙarni guda takwas da aka yi daga 2000 zuwa 2015. Na 6 maganar ruwa da tsafta ce, na 7 wuta mai sauƙin kuɗi, na 8 aikin yi mai mutunci, na 12 rage ɓarna da sake sarrafa abin da aka jefar. Duk waɗannan a ƙofar shagunanmu suke kwana. Na 17 kuma shi ne haɗin gwiwa, wato gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba sai 'yan kasuwa da jama'ar gari sun sa hannu. Manyan kamfanoni da bankuna suna fitar da rahoto duk shekara kan abin da suka yi a wannan fanni, saboda haka suna neman ƙungiyoyi irin tamu. Suna da kuɗi da injuna, mu kuma mun san lungu da saƙo, kuma in muka yi magana a unguwa ana ji. Ta wannan ƙofa muka ce za mu shiga, kuma da hannu biyu aka amince a babban taron bara.

Aikin yashe kwata da tara leda

Wannan shi ne abin da za mu ɗaga kai mu faɗa ko a gaban wa. Kowa ya tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ya lalata dilolin atamfa da shadda, kuma kowa ya san babbar kwatar da ta bi bayan layinmu ba ta fi ta can lafiya ba. Ledar ruwa da gorar lemo ne suka toshe ta. Mambobinmu masu gidajen ruwa su suka fara cewa da bakinsu ledarsu ce ta fi yawa a ciki, kuma wannan gaskiyar da suka faɗa ita ta buɗe hanya.

Sau uku muka je Sharaɗa wajen wani kamfani mai narka roba kafin a zauna da mu. Da aka zauna, manajan ya tambaye mu kai tsaye me za mu kawo. Shugaba ya ce mutane za mu kawo. Aka yi yarjejeniya a takarda: su za su ba da sikeli da buhuna da safar hannu da takalman ruwa, su ɗauki nauyin tifa, su sayi duk ledar da gorar da aka tsince a kan kilo. Mu za mu kawo majiya ƙarfi da shebur da manjagara da baro, mu nemi izinin mai unguwa, mu ciyar da ma'aikata.

Muka sa ranar ta dace da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, kafin ruwan fari ya sauka. Tun bayan sallar Asuba yaran shaguna suka fara taruwa. Ban taɓa ganin layinmu haka ba. Maƙera da masu walda suka ɗaga murafen kwalbatin da aka shekara ba a taɓa ba. Teloli suka ajiye keke suka kama shebur. Ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda muka roƙa ya zauna a inuwa ya sa mana albarka kawai, ya naɗe hannun riga ya tsaya a kan sikeli yana rubuta kilo har azahar, ya ce ba za a cuci yaro ko ɗaya a gabansa ba. Mai unguwa ya zo da kansa, liman kuma tun ranar Juma'a ya yi wa mutane tuni cewa tsarki rabin imani ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Reshen mata sun cancanci yabo na musamman. Su suka dafa shinkafa da wake, suka dama kunun zaƙi da zoɓo, ba su karɓi ko kwabo daga asusu ba. Su ne kuma suka kawo shawarar da ta fi kowacce amfani, cewa a gayyaci 'yan jari-bola na yankin a yi da su, kada a ɗauke musu abinci a baki. Da farko wasu sun ƙi, suna cewa a cikinsu akwai masu ɗauke-ɗauke. Da aka zo aikin, su suka koya mana ware farar gora daga mai launi, da ware leda daga roba mai tauri, domin kowanne da farashinsa, in an gauraya kuma kuɗin faɗuwa yake yi. Yau sunayen tara daga cikinsu suna littafinmu, suna kai kaya kai tsaye ba tare da dillali ya yanke su ba. Irin wannan roba ce ake niƙewa a narka, ta dawo buta da bokiti da silifa a Ƙofar Wambai.

Tifa ta yi sawu huɗu ranar. Da damina ta kankama, ruwa bai shiga shagon kowa a layin ƙasa ba, kuma mai kemis ɗinmu ya ce wannan ce damina ta farko da bai ɗora kwalayensa a kan benci ba. Kejin tara gora da masu walda suka haɗa kyauta yana nan a bakin titi, ana kwashe shi duk mako biyu. Kuɗin da ke fitowa ba shi da yawa, amma shi ya sayi littafin rasit da katin waya na ofis duk shekarar nan. Allah ya saka wa duk wanda ya fito da alheri.

Maganar sola

Na san a nan ake jira na. An ce kwamiti ya yi sakaci, an ce ni na riƙe takarda. Ga yadda abin ya faru, wasiƙun kuma suna ofis ga mai son gani.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Mai aski da mai ɗinki da mai firji duk sun san abin da janareta ke ci. Mun ga abin da aka yi a kasuwar Sabon Gari, inda aka sa wa shaguna sola ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara ta tarayya, muka ce mu ma mu nemi namu daidai ƙarfinmu. Wani kamfanin sola ya zo ya auna rufin layin, ya yarda ya kafa allunan da batura, kowane shago ya riƙa biya a kan mita. Sharaɗinsa biyu ne: mu ajiye wani kaso na kuɗin tun farko, kuma mu nuna bayanan asusun banki na wata shida da ke tabbatar da cewa mambobi suna biyan abin da suka ɗauka wa kansu.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na je banki na karɓo takardar, na duba ta, na ji kunyar miƙa ta. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu suna a rajista ba. Akwai watan da mutum bakwai ne kawai suka biya. Duk da haka na kai, domin ɓoyewa ba halinmu ba ne. Kamfanin ya ƙara mana wata biyu, ya sake ƙara ɗaya, daga nan ya ce mu neme shi in mun shirya. Ban ga laifinsa ba. Wanda bai iya biyan kuɗin ƙungiya ba, da wace hujja za a yarda zai biya kuɗin wuta?

Na san kasuwa ta yi nauyi, ni ma shago gare ni. Amma wasu da suka fi kowa ciniki a layin nan suna cikin masu bashin wata tara da goma, alhali gwauruwar da ke suyar awara ba ta taɓa tsallake wata ba. Na tura saƙo a WhatsApp, an karanta an yi shiru. Na bi shago-shago da littafin rasit bayan la'asar, na bar nawa shagon a hannun yaro, a ce mini Alhaji ya fita alhali motarsa tana ƙofa. Aikin sa kai nake yi, ba a biya na, kuma ban ɗauka don in zama mai bin bashi a idon yayyena da iyayena ba.

Koyar da sana'a

Mun yi alkawarin ɗaukar matasa ashirin, goma maza goma mata. An ɗauki goma sha ɗaya, takwas ne suka kai ƙarshen shekara. Biyu daga cikin waɗanda suka bari 'yan mata ne da kuɗin adaidaita sahu ya gagare su, kuma tallafin kuɗin motar da muka yi musu alkawari daga kuɗin wata zai fito. Wata makarantar koyon sana'a ta yarda ta yi wa takwas ɗin jarrabawa ta ba su takardar shaida, maganar tana jiran kuɗin rajista. Masu gidan da suka riƙe yaran nan suna ciyar da su daga aljihunsu, Allah ya biya ku.

Sabunta takardunmu a hukumar rajistar kamfanoni ma bai yiwu ba, dalilin ɗaya ne. Kamfanin Sharaɗa ya riga ya gaya mana cewa kafin a sake sa hannu baɗi sai ya ga takardun sun cika.

Masu suna a littafi kawai

Akwai mutanen da tun da aka rubuta sunansu ban gan su a taro ba, sai ranar da aka ji za a raba safar hannu da takalma. Ranar aikin kwata wasu suna zaune a kan benci suna kallo, ruwan da aka hana shiga kuwa har da shagunansu. Kwamiti zai gabatar da ƙudurin cewa duk wanda bashinsa ya wuce wata shida a dakatar da shi daga jefa ƙuri'a da cin moriyar kowace yarjejeniya har sai ya biya. Wanda yake cikin matsi na gaskiya ya sami ma'aji a keɓe, za a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, babu mai jin sirrinsa.

Babban taro yana nan ranar Lahadin farko ta wata mai kamawa, bayan sallar La'asar, a inda muka saba. Ma'aji zai karanta shiga da fita dalla-dalla, masu binciken kuɗi biyu sun riga sun duba littafin. Kowa ya zo da rasit ɗinsa. Ina kuma roƙon dattawa su sa batun naɗa mai karɓar kuɗi na daban a cikin ajanda, domin daga wannan taron ba zan ƙara haɗa rubutu da bin shaguna ba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya