Amsa ga ƙanena da ya tambayi nawa ake biyana

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ga tambayarka, ko in ce an nuna min ita, don kafin in gama azkar ɗin safe mutum huɗu sun riga sun turo min, har da uwargida. Ka kama sunana a fili a Facebook kace wai Malam ya fito ya gaya wa jama'a, shin kirista kafiri ne a wurinsa ko ba kafiri bane, tunda an ganshi ya tsallaka kogin Kaduna ya je ta'aziyyar arne, sannan ka ɗora da cewa nawa ne ƙungiyoyin turawa suke biyan irinmu mu riƙa narkar da aƙida. Toh madalla. Lambata tana wayarka, gidana ka sanshi don ka sha cin tuwo a cikinsa, amma tunda a kasuwa ka ga damar tambaya, a kasuwar zan baka amsa.

Maganar kuɗin nan ita ta fi tsaya min a rai, wallahi ita ta hana ni cin abinci jiya. Shekara 20 da ɗoriya ina kan tabarmar Islamiyya a garin nan, kai kanka a gabana ka haɗa baƙi, ni na riƙe maka yatsa kana bin alif ba ta, kuma ɗan abin da ake bani a ƙarshen wata ai ba ɓoyayye bane a gidanku tunda kawunka ne ma'ajin kwamiti, ka tambaye shi wata nawa nake bi. In da turawa na biyana da dala ai da ba kai ne kake taya ni tura babur duk ranar da aka yi ruwa ba. Ka ce na yi kuskure a mas'ala, wannan zan zauna in saurare ka ko da kai ɗalibina ne, amma kace na sayar da addinina? Haba ƙanena. Ka kawo shaida ko ka janye, uku babu.

Shi wanda ka kira arne, bari in gaya maka ko wanene. Abokin aikin babana ne a masaƙa a Kakuri, lokacin da masaƙun Kaduna ke da rai, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 da garin nan ya kama da wuta kan rikicin Shari'a, kai lokacin ko tafiya baka fara ba, babana yana can ya maƙale a cikin gari, mu kuma muna gida ni da inna da ƙannena uku muna jin ihu yana matsowa layi bayan layi. Mutumin nan ne ya ɗora turmi ya leƙo ta katanga yace ku tsallako maza. Ya saka mu a uwar ɗakin matarsa, ya jawo tsohon kabad ya tare ƙofar, shi kuma ya ɗauki benci ya zauna a ƙofar gida kamar mai shan iska. Da kunnena na ji samari suna tambayarsa ina Hausawan gidan can, yace tun safe suka gudu. Kwana biyu muka yi a ɗakin nan, matarsa ce ke miƙo mana ruwan alwala a bokiti, ita ce ta nuna wa inna inda gabas take don innar ta rikice, kuma har yau ina tuna ƙamshin kananzir ɗin fitilar da aka rage wa lagwani don kar a ga haske ta taga. A rana ta uku ya raka mu da ƙafa har inda sojoji suke. Shi ne ya rasu satin da ya wuce, shi ne na je yi wa iyalansa gaisuwa da mudun shinkafa biyar da suga. Ban shiga coci ba, ban bi gawa ba, a tsakar gida na zauna kan benci nace Allah ya baku haƙuri, tsohuwar ta gane ni ta fashe da kuka tana tambayata inna, nace ai inna ta riga shi.

Yanzu tambayarka ta aƙida, wadda kake ganin ka ɗana min tarko da ita. Babu wani tarko. Wanda yace Allah ɗayan uku ne, ko yace Annabi Isa ɗan Maryama shi ne Allah, Alƙur'ani ya kira wannan kafirci a Ma'ida aya ta 72 da 73, haka na karanta haka na karantar da kai, kuma shi kansa mamacin ya san haka na yi imani, kamar yadda na san a cocinsu ana cewa babu tsira sai ta hanyar Yesu, bamu taɓa yaudarar juna ba. Ban ce Allah ya jiƙansa ba, ban nema masa gafara ba, don aya ta 113 a Tauba ta hana, kuma in Manzon Allah (SAW) bai samu izinin nema wa Abu Ɗalib ba ni wane ne. Ka gamsu? Toh amma daga nan zuwa cewa bashi da haƙƙi a kaina, wannan tsallen kai ka yi shi, ba littafi ba.

Ka jawo ayar Ma'ida ta 51, kada ku riƙi yahudu da nasara majiɓinta, ka rubuta ta da manyan baƙaƙe kamar ni ban taɓa ganinta ba. Ka ɗan ja baya a cikin surar dai, aya ta 5, abincin ahlul kitabi halal ne gare mu kuma an halatta auren matansu masu kamun kai. Yanzu fisabilillahi ka auri mace, ta dafa maka, ta haifa maka, ubanta ya zama surukinka, ɗanka ya tashi kawunsa fasto ne, sai ace in surukin ya mutu haramun ne ka je kace sannu? Jiɓintar da aka hana ita ce ka haɗa kai da su a kan musulmi, ka fifita addininsu, shi ya sa malaman tafsiri suka kawo labarin Abdullahi bn Ubayyu da ya ƙi sakin ƙawancensa da yahudun Madina yana cewa yana tsoron juyin zamani. Kuma Mumtahana aya ta 8 tana nan, Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda basu yaƙe ku ba kuma basu fitar da ku daga gidajenku ba, ku yi musu adalci. Ni nawa ma bai fitar da ni daga gidana ba, cikin nasa ya saka ni.

Su yahudun da kake ta ambato, a Madina aka rubuta takardar zaman tare da su, kowa da addininsa, kuma yaƙin da aka yi da Banu Ƙainuƙa'a da Nadir da Ƙuraiza a kan warware alƙawari aka yi shi. Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun bayahude kan sa'i 30 na sha'ir, yana Buhari. An wuce da gawa ya miƙe tsaye, aka ce ta bayahude ce, yace ashe ba rai bace. Yaron bayahude da ke masa hidima ya kwanta ciwo, ya taka har gidansu ya duba shi ya kira shi zuwa musulunci. Abin da ake wa mutanen Gaza yana ci min rai kamar yadda yake ci maka, zalunci ne kuma sunansa kenan, amma ban ga yadda tsohuwar Kakuri da bata taɓa fita Najeriya ba za ta biya wannan bashin ba. Kuma dai a Facebook, dandalin bayahude, ka rubuta tambayar taka, na ga baka rufe shafin ba.

Waɗanda basu da littafi ma fa? Asma'u 'yar Abubakar uwarta ta zo mata Madina tana mushirika, ta tambayi Annabi, yace ki sada zumuncin uwarki. Muɗ'im bn Adiyyi a kan shirka ya mutu, amma don ya ba Annabi kariya bayan dawowarsa daga Ɗa'if, ranar Badar Annabi yace da Muɗ'im yana raye ya yi magana kan fursunonin nan da na sakar masa su. Wannan shi ne tuna alheri, kuma shi na je yi. Sahabbai da Makka ta yi musu zafi ƙasar Habasha aka tura su, wurin sarki kirista, saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Nan gida ma Maguzawa sun zauna ƙarƙashin sarakunan musulunci suna biyan jiziya suna nomansu, 'yan amana ne, kuma hadisi yace wanda ya kashe ɗan amana ba zai ji ƙamshin aljanna ba.

Sauran maganganunka na wai na sha ruwan gidansu, wai an ganni ina murmushi a hoto, waɗannan ka barsu kawai, ruwan leda ne.

Abin da ke damuna ya wuce kai. An samu wasu samari da suka haddace kalma biyu, wala'i da bara'i, wato jiɓintar muminai da barranta daga kafirai, suka sayi data, shikenan kowa ya zama abin tuhuma, wanda bai zagi maƙwabcinsa ba munafuki ne, alhali An'am aya ta 108 ta hana zagin ko gumakan mushirikai. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ta jihar Filato ya ɓoye kiristoci sama da 200 daga mahara a masallacinsa da gidansa, tsoho ɗan shekara 83 ya tsaya a ƙofa ya ƙi matsawa, shi ma nawa aka biya shi a ranar? Kogin Kaduna ya zama iyaka, yaran Rigasa sun girma basu taɓa taka Sabon Tasha ba, na can ma haka, su kuma masu sace mutane a hanyar Birnin Gwari da waɗanda suka tare jirgin ƙasa a Maris ɗin 2022 basu tambayi kowa addininsa ba kafin su sa kuɗin fansa, ban ga ka sa musu suna a fili ka tambaye su komai ba. Ni da na san bazan ɗaga maka hannu ba ni ka zaɓa. Na ji ana cewa kujerar na'ibin masallacin unguwa za ta zama babu kowa bayan sallah, ban ce shi ya sa ba, amma in ita ce ka kwantar da hankalinka, ban nema ba.

Ranar Asabar zan koma Kakuri, tsohuwar tace ta ajiye min wani hoton babana da mijinta a ƙofar masaƙa da kayan aiki. In kana so ka ga inda na yi kwana biyun nan akwai wuri a bayan babur, ka zo da wuri don sai an tura.

Yayanka kuma malaminka na da.