Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a rediyo: me ya haɗa Badamagare da giwar teku?

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji.

Ran Laraba da dare ina zaune da iyalina lokacin da ka buga waya a shirin rediyo kan darasin giwar teku da na koyar a aji, ka kama sunana, ka ce a tambaye ni, ni da garinmu ke sayen ruwa a jarka, me ya haɗa ni da kukan kifin Turawa, kuma nawa suka biya ni. Ka ƙara da cewa dabbar da ake ciyarwa kyauta a tafki ta fi talakan Damagaram jin daɗi. Ɗiyata ta ji da kunnenta. Da gida ka same ni, da a kan tabarma muka kashe maganar. Tunda bainar jama'a ka zaɓa, a nan zan amsa.

Maganar kuɗi ce ta fi yi mini ciwo. Ba wanda ya ba ni ko dala. Shekara 22 ina riƙe da alli a garin nan, yaran Birni da na Zango sun bi ta hannuna, a nemo ɗaya da zai ce na taɓa karɓar abin da ba haƙƙina ba. Kana cikin waɗanda suka ɗauki gawar mahaifina, ka san gidan da na fito. Daga bakinka ban zaci wannan ba.

Abin da na koyar a aji shi ne wannan. Giwar teku, wadda yaranmu suka sani da balen a littafin Faransanci, ba kifi ba ce. Iska take shaƙa, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta nono kamar saniya. Irin da ake kira orka a cikin dangi take rayuwa, ɗa na bin uwarsa har ya girma, kuma tana iya cin sama da kilomita 100 a yini. Na ba su labarin Lolita, wadda aka raba da danginta a gaɓar Amurka a 1970, aka kai ta gidan kallo a Mayami. Tsawonta kusan mita 6, zurfin tafkin ma mita 6 ne a inda ya fi zurfi. Shekara 53 ta yi a ciki. A 2023 aka yi shelar za a mayar da ita ruwan da ta fito, sai ta mutu a watan Agusta kafin a ɗauke ta. Wannan ne jin daɗin da kake nufi? Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba, tare muka ji shi a zaure ɗaya. Wanda ya tsare mai rai ya ɗauki amana, kuma amana ba ta ƙare a abinci.

Ban gaya wa yara a buɗe ƙofa a kore su teku ba. An gwada da Keiko, wani orka da aka kama a 1979, aka mayar da shi ruwan Aisland a 1998. Ya yi iyo har Norwe, amma bai shiga dangi ba, mutane ya riƙa nema, ciwon huhu ya kashe shi a Disambar 2003. Dabbar da ta saba karɓar mataccen kifi daga hannu ba ta komawa farauta dare ɗaya, wadda aka haifa a tafki kuwa ba ta taɓa ganin igiyar ruwa ba. Shi ya sa aka koma ga mafaka: a sami lungun teku, a tare bakinsa da raga, dabba ta sami zurfi da faɗi da yashi a ƙarƙashinta, likitoci su ci gaba da duba ta, a daina sa ta tsalle don masu tikiti.

Aikin da wuya, kuma na faɗa wa yara haka. A 2019 an ɗauko fararen giwayen teku biyu na irin beluga daga Shanghai zuwa Aisland, tafiyar kusan kilomita 10,000 a mota da jirgin sama da na ruwa. Sai a Agustan 2020 suka shiga lungun tekun, da hunturu ya ƙarato aka sake mayar da su tafkin cikin gini. A Faransa dokar 2021 ta haramta wasa da orka da ire-irenta, gidan kallon garin Antib ya rufe a Janairun 2025, aka bar orka biyu, uwa da ɗanta, Wikie da Keijo, wata da watanni a tafkin da ba mai zuwa kallo, saboda ba a shirya inda za a kai su ba.

To me ya haɗa Badamagare da wannan? A nan jiharmu, a Kelle ta ƙasar Gure, ake kiwon jimina mai jan wuya da ta ƙare a dajinmu, da niyyar a mayar da ita. A 2018 an ɗauki raƙuman dawa 8 daga Kure aka kai su Gadabeji, an fara tsare su a shinge kafin tafiya don su saba. Ilimin ɗaya ne: yadda ake gyara ɓarnar da hannun mutum ya yi wa dabba ba tare da an ƙara mata wata ba. In yaron Damagaram bai koye shi ba, har abada daga waje za a riƙa kawo mana mai yi.

Ƙishirwar garin nan kuwa, ni ma layin famfo nake aika yarana, ba sai an tuna mini ba. Abin da na gaji da shi shi ne duk lokacin da malami ya buɗe wa yara taga su leƙa duniya, sai a ce talauci ya hana. 'Ya'yan masu hali na karatu a Yamai da ƙasashen waje, ba wanda ke ce musu teku ta yi nisa. Ɗan mai turin ruwa ne kullum ake yanke wa iyakar abin da ya dace ya sani.

Kuma Yaya, mu biyu mun san inda abin ya samo asali. Ɗanka ne ya ɗaga hannu a aji ya tambaye ni ko barewar da ke ɗaure a bayan gidanku ita ma tsararriya ce. Ban ambaci gidanka ba, yaron ne ya haɗa da kansa, na kuma ce masa ya yi wa mahaifinsa magana da ladabi. In abin da ya ɓata maka rai ke nan, ka faɗe shi, ka bar zancen kuɗin Turawa. Barewar nan kada ka kwance ta ka kore ta daji, ba za ta kwana biyu ba. Ka kira ma'aikatan gandun daji su gan ta, zan raka ka in kana so. Zargin da ka yi mini kuwa, ina jiran ka janye shi a shirin da ka yi shi.

Ƙanenka, malamin kimiyyar halittu, Damagaram.