Masu kallo suna da gaskiya a kan ƙarshen Penny Dreadful

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ina roƙon fili in ce wani abu a kan fim ɗin Turawa mai dogon zango, Penny Dreadful, da saɓanin da aka samu tsakanin masu kallo da masu sharhi kan yadda aka ƙare shi. Fim ɗin ba sabo ba ne, tun 2016 aka rufe shi, amma har yanzu matasa a nan Sakkwato suna nemansa, kuma duk wanda ya kai ƙarshe sai ya dawo da magana a bakinsa. Sana'ata tura fina-finai a waya da memori a wata rumfa a Mabera, don haka a kaina ake sauke maganar.

Ga wanda bai san shi ba, tashar Showtime ta Amurka da Sky ta Ingila ne suka haɗa hannu suka shirya shi, John Logan kuma shi ya ƙirƙiro labarin. An fara nuna shi a watan Mayun 2014. Labarin yana faruwa ne a Landan wajen 1891, zamanin Sarauniya Biktoriya, aka tattaro dodannin tsofaffin littattafan Turawa wuri guda: likita Frankenstein da halittar da ya tayar daga gawa, Dorian Gray da ba ya tsufa, matsafa, da masu shan jini. Akwai Ethan, Ba'amurke gwanin harbi, wanda ke rikiɗa ya zama kyarkeci idan wata ya cika, kamar yadda kakanninmu ke ba da labarin mutumin da ke rikiɗa kura da dare. Amma ginshiƙin labarin mace ce, Vanessa Ives, wadda Eva Green ta fito a matsayinta, 'yar Katolika mai yawan addu'a da Shaiɗan ya sa wa ido yana so ta miƙa masa wuya. In faɗa tun yanzu, fim ne mai jini da wuraren da ba su dace ba. Ba na tura wa yara, babba ma sai na gaya masa abin da ke ciki.

Zango uku aka yi, kashi 27 gaba ɗaya. Zango na uku ya fara ranar 1 ga Mayun 2016, kuma ba a gaya wa kowa cewa shi ne na ƙarshe ba. Ranar 19 ga Yuni aka nuna kashi biyu na ƙarshe a jere, Vanessa ta mutu, sai rubutu ya fito a kan allo cewa labari ya ƙare. Bayan nan ne Logan da shugaban tashar Showtime na lokacin, David Nevins, suka fito suka tabbatar. Logan ya ce tun ana cikin zango na biyu ya san inda labarin zai tsaya, wato a mutuwar Vanessa. Masu kallo da dama ba su gamsu da wannan bayani ba, suka ce in haka ne me ya sa aka buɗe sababbin ƙofofi ana dab da tashi?

Masu sharhi sun yaba wa zango na uku ƙwarai, musamman farkonsa, kuma ban ga laifinsu ba. Eva Green ta riga ta shiga jerin 'yan takarar kyautar Golden Globe saboda zango na biyu, a na uku ma ba ta rage komai ba. Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani: a al'adar tashoshin can, kashin farko-farko ake aika wa masu sharhi kafin a fara nunawa, su rubuta ra'ayinsu a kai. Yawancin yabon da mutum zai gani an yi wa zango, yabon mafarinsa ne. Mai kallo kuwa da abin da aka bar shi da shi a daren ƙarshe yake yanke hukunci. Da ƙarshen ya fito, su kansu masu sharhin sun rabu biyu. Wasu sun ce ƙarshe ne mai kyau da ban tausayi wanda ya dace da baƙin labari irin wannan, wasu suka ce an yi gaggawa. Ni ina tare da na biyun, kuma ina tare da masu kallon da suka fusata.

Mutuwar Vanessa ba ita ta ɓata mini rai ba. Duk wanda ya bi labarin ya san da wuya ta tsufa cikin jikoki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka janye ta daga labarinta a daidai lokacin da ya fi buƙatarta. A tuna kashi na huɗu na wannan zango. Kusan awa guda ana cikin ɗaki ɗaya na asibitin masu taɓin hankali, bango fari, ba taga, daga ita sai ma'aikacin da ke kawo mata abinci, wanda Rory Kinnear ya fito a matsayinsa. An yi mata ɗure, an azabtar da ita da sunan magani. Mutumin nan ya saɓa dokar wurin ya kawo mata bargo, wata rana ya zauna ya taje mata gashi, ya yi mata kwalliya, ya nuna mata madubi don ta tuna ita mutum ce. A cikin ɗakin nan shaiɗanu biyu suka zo mata da fuskar wannan bawan Allah, kowanne yana lallashinta, ta ƙi su duka. Mu nan da muka san yadda iyali ke rasa gane ko ciwon ɗansu na asibiti ne ko na ruƙiyya, wannan kashi ya taɓa mu. Ban taɓa jin wanda ya kalle shi ya kushe ba.

To matar da aka nuna mana da wannan ƙarfin zuciya ita ce, bayan kashi uku kacal, ta miƙa wuya ga Dracula, uban masu shan jini kuma ɗaya daga cikin shaiɗanun nan biyu, wanda ya zo mata a rigar wani masanin dabbobi mai fara'a, Dakta Sweet. Masu kare Logan suna cewa ai tun ƙarshen zango na biyu ta jefa gicciyenta cikin wuta, kowa ya watse ya bar ta ita kaɗai a gida, don haka karayarta ba daga sama ta faɗo ba. Na yarda da wannan. Amma daga lokacin da ta miƙa wuya, hazo mai guba ya rufe Landan, mutane na mutuwa, ita kuwa da ƙyar ake ganinta. Ba a nuna mana abin da ke cikin ranta ba, ko nadama ko kokawa da kai, alhali zango biyu da rabi a cikin ranta muke zaune. Sai can ƙarshe aka same ta a ɗaki cike da kyandirori, ta roƙi Ethan ya kashe ta, suka karanta addu'arsu ta Kirista tare, ya harbe ta. Dracula da aka yi ta tsoratar da mu da shi ya ga gawar, ya juya ya tafi abinsa.

Wani dattijo, malamin makaranta da ke sayen kati kusa da rumfata, ya kalla a wayar ɗansa, ya zo ya tsaya yana girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, mi sunka yi ma yarinyag ga? Duk wahalad da tas sha, sai a ce mahita ita ce a halbe ta?" Na ce, Baba, abin da ya dame ni ke nan. A matsayina na Musulmi ban karɓi cewa neman a kashe ka hanya ce ta komawa ga Allah ba, kuma ko a ma'aunin labarin kansa, Vanessa da muka sani mai tsayawa ce ta yi faɗa.

Sauran zaren ma haka aka daddatse su. An kawo Dakta Jekyll, ruwa biyu, uwa 'yar Indiya uba Bature, cike da fushin wariyar da ake nuna masa, kowa na jiran ranar da zai rikiɗe ya zama mugun nan Hyde, kamar yadda yake a tsohon littafinsa. Aka ƙare da cewa ubansa ya mutu ya gaji sarautar Lord Hyde, shi ke nan. An kawo Catriona, mace mai takobi, ana saura kaɗan a tashi. An ɓata lokaci mai yawa a hamadar yammacin Amurka kan rigimar Ethan da ubansa. Wanda ya san saura kashi tara ya rufe labari ba ya rabon lokaci haka.

Wuri ɗaya ne na ga an ƙare shi yadda ya kamata, shi ne labarin halittar Frankenstein. Ya gano matarsa da ɗansa na rayuwarsa ta farko, yaron na fama da tarin fuka. Da yaron ya mutu, matar ta ce ya kai gawar wurin likitan da ya tayar da shi, in ba haka ba kada ya dawo. Mutumin da ya fi kowa sanin azabar irin wannan rayuwa ya naɗe ɗansa a ƙyalle, ya shiga kogin Tems da shi, ya sake shi. An ba wannan lokacinsa, an bar mu mun ga abin da zaɓin ya ci masa. Irin wannan haƙuri na nema wa Vanessa ban samu ba.

Har yanzu ana zuwa ana tambayata zango na huɗu. Babu shi. Abin da ya fito a 2020 mai suna City of Angels wani labari ne dabam, a Los Angeles ta 1938, ba Vanessa a ciki, kuma zango ɗaya aka yi aka dakatar. Yanzu duk wanda ya miƙo waya ya ce in sa masa Penny Dreadful, nakan gaya masa tun kafin in jona cewa zango uku ne, na ukun shi ne ƙarshe.

Na gode da ba ni fili.

Nasiru mai turi,
Mabera, Sakkwato.