Rahoton Ayyukan Shekara: Kayan Ƙirar Linux don Ƙananan Alluna

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

A taron farkon shekara kun ɗora wa kwamitin fasaha aiki guda ɗaya: a samar wa ƙungiya kayan ƙira na bai-ɗaya, waɗanda kowane memba zai zauna gaban kwamfutarsa ya gina wa ƙaramin allo (wato ƙaramar kwamfuta da ke kan allo ɗaya) Linux ɗinsa tun daga tushe. Alhamdu lillahi aikin ya tsaya da ƙafarsa, ga kuma yadda aka yi.

Ga sabbin shiga, dalilin wahalar shi ne kwamfutocinmu kusan duk masu furosesan Intel ne ko AMD, alhali allunan da muke koyo a kansu, Raspberry Pi da Orange Pi, na ARM ne. Manhajar da aka ƙera wa wannan ba ta tashi a kan wancan. Allon zai iya ƙera wa kansa, amma Raspberry Pi 3 mai gigabait 1 na ƙwaƙwalwa sai ya kwana yana fama da ƙera kanel, wato zuciyar Linux. Shi ya sa ake ƙira a babbar kwamfuta a kai wa allo. Kayan da ke yin hakan huɗu ne a haɗe: GCC mai juya lambobin tushe su zama manhaja, da binutils masu harhaɗa ta, da laburaren C, da kawunan fayilolin kanel. Idan ɗaya bai dace da sauran ba, sai a wuni ana karanta saƙon kuskure.

Muhawara mafi zafi a watannin farko ita ce tsakanin masu son Yocto da masu son Buildroot, tsare-tsare biyu na gina wa allo cikakken Linux. Masu Yocto suna da hujja: shi ne kamfanoni da yawa ke amfani da shi, yana ƙarƙashin Linux Foundation tun 2010, kuma wanda ya iya shi ya riƙe abin neman aiki. Sai dai takardun Scarthgap, fitowar Yocto ta Afrilun 2024, suna neman wajen gigabait 90 na fili da aƙalla gigabait 8 na ƙwaƙwalwa. Da muka duba laftof ɗin membobi, mafi yawansu 'yan tokumbo ne da ba za su ɗauki wannan nauyi ba. Kwamiti ya zaɓi Buildroot, kuma har yanzu ina ganin zaɓin ya yi daidai. Mutum ya zaɓi saitin allonsa, ya buga make, ya tafi sallah ya ci abinci, in an yi sa'a da wuta ya dawo ya tarar da hoton tsarin, wato fayil ɗin da zai zuba a katin SD. Buildroot na fitowa sau huɗu a shekara, Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Mun tsaya kan ta Fabrairu domin a lokacin ita ake daɗe ana yi wa gyara, muka kuma hana kowa sabuntawa shi kaɗai.

Abin da ya fi amfanar membobi bana, a ganina, ba wani abin burgewa ba ne: faifan ajiya ne da ke cikin akwatin ofis. Umarnin make source yana sauko da duk lambobin tushen da gini zai buƙata ba tare da ya fara ginin ba. Mun yi haka a wurin da intanet ke da ƙarfi, muka tara komai a faifan, kowa ya kwafa ya nuna wa Buildroot inda ya ajiye ta saitin BR2_DL_DIR. Tun daga nan babu wanda ya ƙara ƙona datarsa yana sauke GCC da maƙwabcinsa ya riga ya sauke. Mun kuma kunna ccache, mai ajiye abin da aka riga aka ƙera, don haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, gini na biyu ba ya ɗaukar lokacin na farko.

Akwai darasin da ya cinye mana zaman Asabar guda, ya kamata ya shiga rahoto. Wani memba ya ƙera ƙaramin shiri da kayan arm-linux-gnueabihf da ke zuwa da Debian, wani nau'in Linux. A kan Raspberry Pi 3 ya yi aiki lafiya lau. Da aka kai shi Pi Zero na farko, sai allon ya amsa da kalma biyu, Illegal instruction, ya yi shiru. Aka zargi katin SD, aka canja caja, har wani ya ce allon jabu ne. Ashe furosesan Pi Zero ARMv6 ne, kayan Debian kuwa suna ƙera wa ARMv7 zuwa sama. Daga ranar muka raba kayan gida biyu, na ARMv6 daban, na aarch64 (ARM mai bit 64) daban, kowanne da sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro. A tuna kuma: duk wanda ya taɓa saitin kayan ƙira a Buildroot, dole ya yi make clean ya sake daga farko, domin Buildroot ba ya gane cewa tsoffin fayiloli sun daina dacewa.

Wajen laburaren C mun bar glibc a matsayin na kowa. Masu aikin na'urar auna ruwan tanki sun koma musl, ƙaramin laburaren C, tare da BusyBox, ƙaramin kunshin umarni, don hotonsu ya ƙanƙance, kuma ya yi musu. Wanda ba shi da allo ya yi gwajinsa a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon allo a cikin kwamfuta. An sayi wayoyin siriyal masu bolt 3.3, ana karanta saƙonnin U-Boot, manhajar da ke tayar da allo, da su a gudun 115200. Don Allah duk wanda ya ara ya mayar wa ma'aji.

Abin da bai kammalu ba shi ne jagorar Hausa da aka yi alkawari. An rubuta babin girka kaya da na kunna allo, na kanel da bishiyar na'urori (fayil ɗin da ke bayyana wa kanel sassan allo) yana nan ba a taɓa ba, kuma muna neman masu hannu biyu ko uku su ɗauka. Kwamiti yana kuma roƙon babban taro ya amince da sayen batiri da inbata ga kwamfutar ofis, sannan a buɗe ƙaramin rukunin Yocto a kanta ga waɗanda suka ƙware a Buildroot. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji, za a karanta shi bayan wannan.

Wassalam.
Sakataren Kwamitin Fasaha