Na ɗauko Baba daga cikin gari, jini ya sauka amma walwala ta tafi

Assalamu alaikum Likita. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri kan wannan shiri.

Mahaifina yana da shekara 76. Ya yi sama da shekara 40 yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma a cikin gari aka haife shi, a Yakasai. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai muka gano ba ya shan maganin hawan jini da na suga sai ranar da kai ya sara masa. Da aka auna shi aka samu 180 kan 100, sai na ce ba zan zuba ido shanyewar ɓarin jiki ta same shi ba. Na lallaɓa shi, na dawo da shi gidana a Rijiyar Zaki.

Ta fuskar jiki mun ga haske. Maiɗakina ta rage masa gishiri da maggi, shayi babu suga, magani a kan lokaci duk da tsadar da ya yi tun cire tallafin mai a 2023. Yanzu awon ba ya wuce 135 kan 85.

Amma Likita, ba Baban da na sani ba ne. A Yakasai bayan la'asar dakalin ƙofar gidansa cika yake yi. Shi ne mai raba gardama, shi ake nema waliyyin aure, ba a suna ko jana'iza babu shi. Masallaci taku goma ne. A nan kuwa katanga ce da get, maƙwabci sai dai ku gaisa ta gilashin mota, masallacin kuma ya yi wa gwiwarsa nisa. Sai ya wuni a ɗaki. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura. Tuwo loma uku ya ture, ƙarfe biyun dare ka ji motsinsa. Jiya ya kira jikarsa da sunan marigayiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce, “Ni yanzu ai jiran lokaci nake.”

Gida ya rabu biyu. Yayata ta ce a nemo rubutu da tofi, mun yi, ba mu raina ba. Ƙanina ya ce ciwon damuwa ne, a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. To ke kin san mutanenmu, da Baba ya ji sunan nan zai ce mun mai da shi mahaukaci.

Ni kuma ina tsaka mai wuya. In na mai da shi cikin gari, wa zai tsaya masa kan magani? Masan can na tsuguno ne, gwiwa kuma ta ƙi. Ga bakin dangi, za a ce na gaji da ubana.

Shin wannan mantuwar ta tsufa ce, ko damuwar ce ke jawo ta, ko kuwa sugan ne ke sauka da yawa tunda ba ya cin abinci? Wane likita ya kamata mu fara gani, kuma da wane lafazi zan gaya masa ba tare da ransa ya ɓaci ba? Sannan in kai shi majalisarsa ranar Juma'a da Lahadi kawai, zai wadatar, ko in haƙura ya koma gidansa?

Naki mai sauraro,
daga Rijiyar Zaki, Kano.