Lasisin mashin: bai kamata mai Bajaj da mai cc 600 su riƙe takarda iri ɗaya ba

Assalamu alaikum. Malam Edita, ka ara mini fili in yi magana a kan wani giɓi da ke cikin dokar lasisin mashin. A da bai dami kowa ba, domin kusan duk mashinan da ke kan titunanmu tsara ɗaya ne. Yanzu kuwa manyan mashinan nan da samari ke kira fawa-bayik sun fara shigowa, galibinsu na hannu, 'yan kwatano, kuma ana jin kukansu da yamma tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo har zuwa Jega.

A tsarin Najeriya, ajin A shi ne lasisin mashin. Mutum ya cika shekara 18, ya koya, jami'an VIO, masu duba ababen hawa, su gwada shi, ya biya kuɗi a ofishin tara haraji na jiha, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi na wucin gadi kafin na dindindin ya fito. Shi ke nan. Takardar ba ta damu da girman inji ba, wato abin da ake aunawa da cc. Wanda aka gwada yau a kan Boxer mai cc 100, gobe yana iya hawa mai cc 1000, kuma babu jami'in da zai ce ya karya doka. Na san za a ce ai yawancin 'yan kabu-kabu ko ajin A ɗin ba su da shi. Gaskiya ne, wannan ma ciwo ne, amma ba shi na zo kokawa a kai ba.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Boxer mai cc 100 ƙarfinsa kimanin na doki 8 ne, nauyinsa kilo ɗari da ɗoriya. Mashin na tsere mai cc 600, irin su Yamaha R6 ko Honda CBR600RR, ya haura ƙarfin doki 100, nauyinsa kuma yana kusan kilo 190. Wato nauyi bai ninka biyu ba, ƙarfi ya ninka fiye da sau goma. Murɗa totur ɗin da ɗan kabu-kabu ke yi don ya tashi da buhun shinkafa biyu daga kasuwar Jega, in ya yi irinsa a kan babban mashin a giya ta ɗaya, tayar gaba ce za ta ɗaga sama, shi kuma ya zame ta baya hannunsa na ƙara murɗa totur ɗin saboda neman abin riƙewa.

Ƙasashen da suka daɗe da irin waɗannan mashina hawa-hawa suke yi. A Tarayyar Turai, tun watan Janairun 2013 tsarin ya zama bai ɗaya. Akwai A1, wanda ya tsaya a cc 125 da ƙarfin kilowat 11, kimanin doki 15. Sai A2, wanda iyakarsa kilowat 35, kimanin doki 47. Sai A, wanda ba shi da iyaka. A Ingila ana samun A1 a shekara 17, A2 a shekara 19. Mai A2 da ke son hawa babba sai ya riƙe lasisinsa shekara biyu cur, ya kai 21, sannan ya sake yin gwajin tuƙi kashi biyu a kan babban mashin, ɗaya a killataccen fili, ɗaya a kan titi. Wanda bai bi ta wannan tsani ba sai ya jira ya cika 24. Faransa ta fi tsauri ta wani gefen: tun 2016 ko shekararka 50, da A2 za ka fara, bayan shekara biyu ka yi horon sa'a bakwai a makarantar tuƙi kafin a ɗaga ka. Japan kuma ta yanka nata a cc 400, duk abin da ya haura nan lasisinsa daban.

Abin lura a tsarin A2 shi ne ba su dogara da cc ba, ƙarfi suka auna, kuma sun yi daidai. Cc girman tukunyar inji ne kawai. Akwai mashin mai cc 650 mai silinda ɗaya da yake tafiya a natse kamar raƙumi, akwai mai cc 600 mai silinda huɗu da ya ninka shi ƙarfi. Sun kuma ƙara sharaɗin nauyi: kada ƙarfi ya wuce kilowat 0.2 a kowane kilo, ma'ana mashin mai kilowat 35 dole ya kai kilo 175. Ostareliya da Niyu Zilan sun haɗa ma'aunin biyu ga masu koyo da masu lasisi mai iyaka, cc 660 da kilowat 150 a kowane tan. Mu a nan abin da aka fi sani shi ne dokar Legas ta 2012 da ta sa cc 200 a matsayin ma'aunin hawa manyan tituna, sai dai ita mashin ta auna, ba ta auna mai hawansa ba.

Dokar Turai ta yarda a daƙile ƙarfin babban mashin don mai A2 ya hau, muddin asalin ƙarfinsa bai wuce kilowat 70 ba. Ana yi ta hanyar sa ɗan ƙarfe da ke hana totur murɗuwa har ƙarshe, ko washa mai ƙaramin rami a bututun da ke kai iska cikin inji, ko a canza lissafin kwamfutar mashin. Wannan kam ban ba da shawarar a kwaikwaya a nan ba. Duk bakaniken da ke bakin tasha zai cire ɗan ƙarfen nan kafin shayi ya huce, kuma babu jami'in da zai kwance tanki a kan hanya don ya duba. Mu abin da zai yi mana aiki shi ne a dubi ƙarfin da kamfani ya rubuta wa ƙirar, a sa shi cikin takardun mashin tun wurin yin lamba.

To me ke kayar da wanda ya ƙware a ƙarami in ya koma babba? Na farko birki. Da yawa cikin masu ƙananan mashina ba sa taɓa birkin gaba, wasu ma sassauta wayarsa suke yi da gangan, sun yi imani shi ke wurgar da mutum. Da birkin ƙafa, wato na baya, suke tsayawa. Alhali in aka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa a tayar gaba yake. Babban mashin faifai biyu gare shi a gaba, yatsa biyu sun isa su tsayar da shi. Wanda ya saba da ƙafa, in akuya ta faɗo masa, zai danne na baya, taya ta kulle ta fara jan ƙasa, mashin ya juya gefe. In kuma tsoro ya sa ya cafki na gaba da duka hannu lokaci guda, tayar gaba ta kulle, kafin ya ce innalillahi yana ƙasa. Yadda ake yi shi ne a fara matsawa a hankali na ɗan ƙiftawar ido don nauyi ya zauna kan tayar gaba, sannan a ƙara matsi. Mashin mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an ja birki, yana yafe wannan kuskure, amma tsofaffin da ake kawo mana da yawansu ba su da shi.

Na biyu giya, kuma wannan ba kasafai ake faɗinsa ba. A ƙananan mashina da yawa duk giyoyin gefe guda ake taka su, ƙasa-ƙasa har ta huɗu. A babban mashin ta ɗaya ce kawai ƙasa, sauran sama ake ɗaga su da kan yatsun ƙafa. Ƙafar da ta shekara goma tana takawa ƙasa don ƙara giya ba ta mantuwa cikin mako guda. Yana cikin gudu ya ji inji na kuka, ya taka ƙasa da nufin ƙarawa, ashe ragewa ya yi. Ya saki kuloci, inji ya yi ƙara, tayar baya ta yi tsalle ko ta kulle. A miƙaƙƙen titi yana iya tsira, a kwana da wuya.

Sai lissafin gudu, wanda ba ya jin roƙo. A kilomita 50 cikin sa'a, mashin na cin mita 14 a daƙiƙa ɗaya, a 100 yana cin 28. Wato in hannu ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya kai ga birki, an riga an yi wannan tafiyar. Nisan da birki ke buƙata kuwa ba ninki biyu yake yi ba in gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. Ga shi hanyoyinmu ba filin tsere ba ne: yashin da iska ke zubawa bakin kwalta da hunturu, shinkafar da ake shanyawa a gefen hanya da kaka, garken shanu, amalanke ba fitila bayan magariba. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ma kilomita 50 ta ba mashin, gudun da babban mashin ke wucewa bai fita daga giya ta ɗaya ba.

Shawarata ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, tunda ita ke tsara azuzuwan lasisi, ta raba ajin A gida uku. Na ƙasa ya tsaya a doki 15, wanda ya ɗauke Boxer 100 da 150 da kusan duk abin da ake kabu-kabu da shi, don kada a ɗora wa talaka sabon nauyi. Na tsakiya ya kai doki 47. Na sama sai bayan shekara biyu a na tsakiya, da sabon gwaji. Kafin Abuja ta motsa, gwaji a hannun VIO na jiha yake, kuma ba ya buƙatar wani babban kasafi. Fili mai kwalta, 'yan mazugai na roba, igiyar awo da agogo. A sa mutum ya tura mashin ɗin da hannu gaba da baya, ya yi zagayen lamba 8 ba tare da ya sa ƙafa ƙasa ba, ya juya baya cikin faɗin titi, ya bi a hankali da saurin mai tafiya a ƙafa, sannan ya taho da gudun kilomita 50 ya tsaya tsayuwar gaggawa, kamar yadda ake yi a Ingila. A Japan har wani siririn dandamali ake bi, tsawonsa mita 15, faɗinsa santimita 30, kuma mai neman lasisin babban mashin dole ya ɗauki aƙalla daƙiƙa 10 a kansa. Sannu-sannu ita ke tona asirin wanda bai iya kuloci ba, gudu kowa ya iya. Sharaɗin kawai a gwada mutum a kan irin mashin ɗin da zai hau.

Ga iyaye da yayyen da ake matsa wa su saya, kada a tsallaka daga cc 100 zuwa 600. A bi ta 250 ko 300 na shekara guda aƙalla. In ɗan kwatano ne, a duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, kuma busasshiyar roba ba ta kama kwalta. A zubar da man birki a sa sabo, domin yana shan danshi, in ya yi zafi sai hannun birki ya yi laushi ya taɓo siteri ba tare da ya kama ba. A duba ruwan lagireto da fankarsa, tunda waɗannan injina ba sa jure tsayuwa a cunkoso cikin zafin Afrilu. Hular kwano kuma ta zama mai rufe haɓa, a ɗaure maɗaurinta har yatsa biyu kawai ke shiga, kuma a sa kuɗinta da na safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu cikin kuɗin mashin tun ranar ciniki.

Daga wani mai gyaran mashina,
Birnin Kebbi.