Wai alƙalan Amurka ba ruwansu da siyasa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili, na gaji da jin ana cewa kotunan Amurka ba siyasa a ciki. Shugaban ƙasa ne ke zaɓo alƙalin tarayya, sanatoci su tabbatar, kuma in ya hau kujerar shikenan sai mutuwa ko ya ajiye da kansa ko majalisa ta tsige shi, to wace jam'iyya ce za ta yi sake da wannan?

A 2016 da alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu Obama ya kawo Merrick Garland ya maye gurbinsa, Mitch McConnell, jagoran sanatocin Rifablikan masu rinjaye a lokacin, ya ƙi ko a saurare shi, wai shekarar zaɓe ce a bar jama'a su yanke. To 2020 Ruth Bader Ginsburg, ita ma alƙaliyar Kotun Ƙoli, ta rasu a Satumba, su ɗin dai 'yan Rifablikan suka tabbatar da Amy Coney Barrett a gurbinta da ƙuri'a 52 da 48 saura kwana takwas zaɓe, ko kunya babu!

Kuma fa su ma 'yan Dimokurat ba kanwar lasa ba ne, jagoran sanatocinsu na lokacin Harry Reid ne ya fara soke sharaɗin samun goyon bayan sanatoci 60 kafin a kai ga tabbatar da alƙali a 2013 kan ƙananan kotuna, 'yan Rifablikan suka ƙarasa aikin kan Kotun Ƙoli a 2017.

Naku,
mai karatu daga Zariya